Yadda Za a Koyar da Ɗalibai Auna Ƙarafa Masu Guba da Abincin Shuka a Lakar Salga

Duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga garin Sakkwato zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ga fadamar Kwalkwalawa, ya kuma ga yadda manoman rani ke fitar da albasa da tumatir da tattasai da latas daga ƙasar da kogin Rima ke shayarwa. Tun da buhun takin zamani ya fi ƙarfin aljihun talaka, manomi ba ya raina duk abin da zai ƙara wa gonarsa ƙarfi, ko kashin dabbobi ne, ko toka, ko sharar juji, har ma da busasshiyar lakar da aka yaso daga salga ko sokawe ko manyan kwatocin cikin gari. Na taɓa tambayar wani dattijo dalilin da ya sa yake zuba irin wannan laka a gonarsa, sai ya ɗebo ta da hannu, baƙa wuluk, ya murje ta ya ce mini, "Mallam, wanga taki ya hi na buhu ƙarko." Bai yi ƙarya ba, domin lakar tana ɗauke da naitirojin da fosforas da ruɓaɓɓen abu mai riƙe danshi, waɗanda ƙasarmu mai yashi ke matuƙar buƙata. Abin da hannunsa ba zai iya gaya masa ba shi ne yawan dalma ko kadmiyam da suka biyo lakar zuwa gonar.

Wannan tambaya ce ya kamata malamin kimiyyar sinadarai ko kimiyyar ƙasa ko lafiyar muhalli ya ɗora darasinsa a kanta, ko a jami'a yake, ko a kwalejin kimiyya da fasaha, ko a kwalejin ilimi. Abin da aka saba gani shi ne ɗalibi ya ƙullo laka a leda, ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin gwaji tare da kuɗin aiki, bayan mako biyu a ba shi takarda mai ɗauke da lambobi, ya kwafe su cikin kundin kammala karatunsa ba tare da ya san yadda aka same su ba. A ganina wannan sayen lamba ne, kuma ɗalibin da aka yaye a haka ba zai iya bambance sakamako mai kyau da gurɓatacce ba. Na'ura tana karanta abin da aka zuba mata ne kawai; ingancin lambar yana ƙulluwa ne tun daga bakin rami, a wajen ɗiba da shanya da daka da wankin kwalabe, saboda haka a nan ne malami zai fi daɗewa da ɗalibansa.

Kafin a taɓa laka

Zama na farko a aji za a yi shi, kuma aikin ɗalibai a ranar shi ne su yi hasashen abin da za su tarar da kuma inda ya fito. Gidajen Sakkwato galibinsu da salga ko sokawe suke aiki, ba da babban bututun da ke tattara ƙazantar gari wuri ɗaya ba, don haka lakar kowace unguwa tana ɗauke da tarihin sana'o'in da ke cikinta. A sa su lissafo da kansu: dalma daga batiran mota da tsohon fenti da kwallin da ake yi da dutsen galena, tutiya daga kwanon rufi da bokitan ƙarfe da zaizayar tayoyi, tagulla daga wayoyin lantarki da wuraren gyaran injin, kadmiyam da nikel daga ƙananan batiran da ake caji, waɗanda ake jefawa cikin shara, zaiba daga wasu mayukan bilicin. Batun kuromiyam yana da daɗin tattaunawa a garin da ya shahara da jima, domin majeman gargajiya da bagaruwa suke jeme fata, ba da gishirin kuromiyam irin na manyan masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa a Kano ba. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai san cewa idan ya ga kuromiyam da yawa a kusa da majemar gargajiya, akwai abin bincika kafin ya ɗora wa majema laifi.

Ba sai an je Japan ba kafin a nuna musu illar waɗannan ƙarafa, ko da yake labarin cutar itai-itai, wadda kadmiyam ɗin da ya shiga shinkafa ta ruwan kogin Jinzu ya haddasa, misali ne da ya dace da fadama ƙwarai. Mafi kusa da mu shi ne abin da ya faru a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, wadda sai a 1996 aka cire ta daga Sakkwato, inda gubar dalma daga daka duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Ƙarfe ba ya ruɓewa kamar yadda bahaya ke ruɓewa. Abin da aka zuba bana yana nan baɗi, na baɗi kuma ya hau kansa.

A wannan zama ne kuma za a shimfiɗa dokokin kariya, ba tare da sassauci ba. Ɗanyar laka tana ɗauke da ƙwayoyin taifot da kwalara da ciwon hanta da ƙwayayen tsutsar ciki, saboda haka safar hannu mai kauri da takalmin roba da takunkumi da tabarau wajibi ne, kuma babu ci, babu sha, babu taɓa waya har sai an wanke hannu da sabulu. Babu ɗalibin da zai leƙa kansa cikin ramin sokawe, balle ya shiga, domin iskar haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana taruwa a ciki, kuma idan ta yi yawa takan kashe jin warin kanta kafin ta kayar da mutum. A yi aiki tare da masu sana'ar yasar salga, a girmama su, a biya su haƙƙinsu; sun fi kowane malami sanin inda laka ta kwanta da inda ruwa ne zalla.

Ɗiba da busarwa

A raba aji zuwa rukunai na mutum huɗu ko biyar, kowane rukuni da wurinsa: ɗaya sokawen gidajen zama, ɗaya kwatar da ta ratsa garejin makanikai, ɗaya inda motocin kwasar bahaya ke juyewa, ɗaya kuma busasshiyar lakar da manomi ya riga ya tara a bakin gona. Rukuni ɗaya ya ɗebo ƙasar gonar da ba a taɓa zuba mata laka ba, domin ita ce madubin da za a riƙa duba sauran da shi. A nemi izinin mai gida ko mai gona tukuna, a kuma yi masa bayanin abin da za a yi da samfurin.

Laka ba gari ba ce da za a ce ko'ina ɗaya ne. Sama daban, ƙasa daban, gefe daban, don haka ɗiba ɗaya ba ta wakiltar komai. A ɗebo daga wurare biyar zuwa goma, a zurfi dabam-dabam, a haɗa a cikin bokitin roba, a cuɗa sosai, sannan a ɗauki kimanin kilo ɗaya daga haɗin. Duk abin da zai taɓa samfurin ya kasance roba: ludayin roba, bokitin roba, mazubin roba mai murfi. Mazuban kuwa tun kwana ɗaya kafin fita za a jiƙa su cikin asid naitirik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, a ɗauraye da tsarkakakken ruwan ɗakin gwaji. A rubuta wuri da rana da lokaci da sunan rukuni a jikin mazubi, ba a kan murfi ba, domin murfi yakan yi musanya. A zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, laka tana ci gaba da ruɓewa a cikin mazubi tana fitar da ammoniya, saboda haka a saka ta cikin kula mai ƙanƙara tun daga wurin ɗiba, a ajiye ta a firij a kan digiri 4.

Da isowa ɗakin gwaji a raba samfurin gida biyu. Kashi ɗaya ya zauna ɗanye a firij domin auna naitirojin da zaiba, tun da zafi yana korar ammoniya, yana kuma korar zaiba. Ɗaya kashin shi za a busar domin sauran ƙarafa da fosforas da potasiyam.

Wajen busarwa ne na taɓa ganin kuskuren da har yau nake ba kowane sabon aji labarinsa. Wani rukuni ya kawo sakamakon tutiya da ya ninka na sauran sau da yawa, alhali daga sokawen gidan zama suka ɗebo. Muka sake karantawa a na'ura, lambar ba ta sauya ba. Sai da na zaunar da su ɗaya bayan ɗaya kafin wata ɗaliba ta ce, "Malam, da wuta ta ɗauke mana kwana biyu, sai muka shanya ta a rana a kan wani guntun kwanon rufi." Ashe tutiyar kwanon suka auna. Ban rage musu maki ba, na sa su sake aikin ne su kuma gabatar da sakamakon biyu gaban aji, kuma babu darasin da ya zauna wa ajin nan kamar wannan. Idan dole ta sa a shanya, a yi a kan farantin roba, a cikin ɗaki, a rufe da ƙyalle mai tsabta, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke sauka kan komai tana ƙara wa samfuri yashi.

Auna danshi aiki ne mai sauƙi wanda duk lissafin baya ya rataya a kansa. A auna nauyin kasko wayam, a zuba ɗanyar laka a sake aunawa, a saka a tandar busarwa a kan digiri 105 har sai nauyin ya daina raguwa, a bar shi ya huce a cikin tukunyar hana danshi kafin a ɗora a sikeli. Daga nan a saka busasshen a tanderu mai zafin digiri 550; abin da ya ƙone shi ne ruɓaɓɓen abu mai amfani ga ƙasa, abin da ya saura kuma toka ce da yashi. A auna tsami da gishirin lakar ta hanyar dama ta da tsarkakakken ruwa, kashi ɗaya na laka da biyar na ruwa. Busasshen samfurin a daka shi a turmin tangaran, a tankaɗe da rariyar roba mai idon milimita 2, sannan a ƙara niƙe ɗan abin da za a narkar har ya yi laushi kamar garin tuwo. Rariyar tagulla da ake tankaɗe ƙasa da ita a wasu ɗakunan gwaji ba ta da wuri a wannan aiki.

Narkarwa da karanta ƙarafa

Na'ura ba ta karanta gari, sai ruwa, don haka sai an fitar da ƙarafan daga lakar da asid. Hanyar da ta fi dacewa da koyarwa ita ce ta haɗin da ake kira ruwan sarki saboda yana narkar da zinariya, wato kashi uku na asid haidirokulorik da kashi ɗaya na asid naitirik. A tsarin ISO 11466 na hukumar ƙa'idoji ta duniya ana auna giram 3 na samfuri, a zuba mililita 21 na haidirokulorik da 7 na naitirik, a bar shi awa 16 a zafin ɗaki, sannan a tafasa a hankali na awa 2 a ƙarƙashin bututun da ke mayar da tururi, a tace, a cika zuwa mililita 100. Akwai kuma hanyar hukumar kare muhalli ta Amurka mai lamba 3050B, wadda ke amfani da kimanin giram 1 da asid naitirik da haidirojin farokside a kan digiri 95. Kowacce aka zaɓa a tsaya a kanta, a kuma rubuta ta a rahoto, domin sakamakon hanyoyi biyu ba lallai ya zo ɗaya ba.

Awa 16 ɗin nan ɗalibai sukan so su tsallake su, kada a yarda. Laka tana da ruɓaɓɓen abu da yawa, idan aka ɗora ta a wuta nan take sai ta yi kumfa ta yi bori ta zube, samfurin ya tafi da rabin ƙarfensa. Dukan aikin a cikin akwatin zuƙe hayaƙi za a yi shi, domin ruwan sarki yana fitar da iskar kulorin da jan hayaƙi mai cin huhu. Ba a haɗa shi a ajiye, ba a kuma toshe kwalbarsa. Inda fankar akwatin ba ta aiki, a ɗage gwajin. Asid fakulorik da asid haidirofulorik kuwa ba na hannun ɗalibi ba ne, na farko yana iya fashewa idan ya haɗu da ruɓaɓɓen abu, na biyu yana ratsa fata har ƙashi. Bayan tacewa za a ga farin yashi ya saura a takarda, kuma lallai wani zai ɗaga hannu ya ce bai narke duka ba. A yi masa bayani cewa ruwan sarki ba ya narkar da yashi, kuma ƙarfen da ke kulle a cikin ƙwayar yashi ba shi ne zai shiga saiwar latas ba.

Ga abin da nake ganin shi ne zuciyar darasin. Kowane rukuni zai narkar da samfurinsa sau uku, a kwalabe uku dabam. Zai kuma yi kwalba ta huɗu, fanko, wadda aka zuba mata asid aka bi da ita duk matakan amma babu laka a ciki, domin a ga abin da asid da ruwa da gilashi suka ƙara da kansu. Kwalba ta biyar kuma samfuri ne da aka ƙara masa sanannen adadin ƙarfe kafin narkarwa. Idan abin da aka dawo da shi ya faɗa tsakanin kashi 80 zuwa 120 cikin 100 na abin da aka zuba, hannun rukunin ya yi kyau. Inda makaranta ke da hali, ta sayi lakar ma'auni mai takardar shaida, irin SRM 2781 ta cibiyar ma'aunai ta Amurka, a narkar da ita tare da sauran. Wannan tsari yana cin asid ninki biyar, kuma na san abin da shugaban sashe zai ce game da kuɗi, amma gara a auna wurare uku da fanko da maimaici a kan a auna wurare ashirin da babu mai iya rantsuwa a kan lambarsu.

Na'urar da aka fi samu a makarantunmu ita ce AAS mai harshen wuta, wato na'urar auna ƙarafa ta yawan hasken da suka shanye, wadda Alan Walsh ya bayyana tushenta a Ostareliya a 1955. Tana fesa ruwan samfuri cikin wutar iska da asitilin, irin iskar da masu walda ke amfani da ita, sannan ta haska wutar da fitila ta musamman ga kowane ƙarfe ta auna hasken da ƙarfen ya shanye. Kowane ƙarfe da tsawon zangon hasken da ake karanta shi, wanda ake aunawa da nanomita: ana karanta dalma a 283.3, kadmiyam a 228.8, tagulla a 324.8, tutiya a 213.9, nikel a 232.0, kuromiyam kuma a 357.9. Ko da ma'aikacin ɗakin gwaji ne zai kunna wutar, ɗalibai su ne za su haɗa ruwan ma'auni, wato ruwan da aka san adadin ƙarfen da ke cikinsa, da hannunsu daga uwar kwalba mai miligiram 1000 a lita, matakai huɗu ko biyar, da asid daidai da wanda ke cikin samfurin, su kuma zana layin ma'aunin a takardar giraf kafin su kalli wanda kwamfuta ta zana. Duk karatun da ya wuce ma'auni mafi girma ba a karɓarsa, sai a surka samfurin a sake. Tutiya kusan kullum sai an surka ta, tun da layinta yana fara lanƙwasa daga wajen miligiram 1 a lita. Bayan kowane samfuri goma a sake karanta ma'auni ɗaya domin a ga ko na'urar ta zame. A kuma tuna musu cewa zaiba da arsenik ba sa karantuwa da kyau a wannan wuta, kowanne yana da nasa kayan haɗi, kuma lambar kuromiyam jimla ce, ba ta raba mai tsananin guba da mai sauƙi ba.

Abincin shuka

Naitirojin ana auna shi ne da hanyar da Johan Kjeldahl ya fito da ita a Denmak a 1883, kuma ita ce gwajin da ɗalibai suka fi jin daɗinsa saboda launuka. Ana dafa ɗanyen samfuri da asid salfurik mai kauri tare da gishirin potasiyam salfet da ɗan tagulla salfet har baƙin ya washe ya koma kore garau. Bayan ya huce a ƙara ruwa, a zuba soda mai ƙuna mai ƙarfin kashi 40 cikin 100, a turara ammoniyar da ta tashi zuwa cikin asid borik mai ɗauke da manuni, wanda zai juye daga ja-ja zuwa kore, sannan a riƙa ɗiga asid haidirokulorik daga buret, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni, har launin farko ya dawo. Kowace mililita ɗaya ta asid mai ƙarfin mola 0.1 tana daidai da miligiram 1.4 na naitirojin. A ce samfurin da busasshen nauyinsa rabin giram ne ya sha mililita 10.2, fanko ya sha 0.2, saura 10, wato miligiram 14 a cikin 500, kashi 2.8 cikin 100 ke nan. Wannan hanya ba ta kama naitiret, amma a lakar ramin da iska ba ta shiga naitiret ɗin kaɗan ne. Tsofaffin littattafai suna cewa a saka zaiba a wajen dafawar, a yi watsi da wannan.

Fosforas da potasiyam ana iya auna su daga ruwan da aka narkar domin ƙarafa. Ga fosforas, hanyar banadomolibdet mai ba da launin rawaya ta fi yafiya ga mai koyo, kuma ta dace da laka tun da fosforas ɗinta yana da yawa. Hanyar shuɗi ta Murphy da Riley ta 1962, wadda ake karantawa a wajen nanomita 880, ta fi dacewa da ƙasar gona mai ƙarancinsa. Giram 0.4394 na potasiyam daihaidirojin fosfet a lita ɗaya yana ba da ma'auni mai miligiram 100 na fosforas. Abin kiyayewa shi ne garin sabulun wanki, domin wasu suna ɗauke da fosfet, kuma kwalbar da aka wanke da shi za ta yi launi ko babu samfuri. Potasiyam ana karanta shi a na'urar auna launin harshen wuta, da ma'auni daga giram 1.907 na potasiyam kuloraid a lita. Za su tarar da shi kaɗan ne, kuma a bar su su gano dalili: yana narkewa cikin ruwa, don haka ya riga ya tsiyaye ya bar lakar. Domin a kwatanta da lambobin da ke jikin buhun 15-15-15, a ninka fosforas da 2.29, potasiyam da 1.2, tun da a siffar oksaid ake rubuta su a buhu.

Lissafi da fassara

Na'ura tana ba da miligiram a lita, amma rahoto yana son miligiram a kilon busasshiyar laka. A ɗebe karatun fanko, a ninka da yawan ruwan a lita, a ninka da adadin surki idan an yi, a raba da nauyin samfuri a kilo. Misali, idan dalma ta karanta 3.7, fanko 0.1, an narkar da giram 3 a mililita 100, to 3.6 sau 0.1 a raba da 0.003 ya ba da miligiram 120 a kilo. A sa kowa ya yi wannan da biro, domin kuskuren da ya fi yawa a kundayen ɗalibai shi ne kwafe 3.7 ɗin kai tsaye a kwatanta shi da iyakar doka, ko ma da iyakar ruwan sha, a yanke hukuncin da ba shi da tushe. A kawo matsakaicin maimaici uku tare da tazarar da ke tsakaninsu. Inda karatu ya gaza ninki uku na kaiwa da komowar karatun fanko, a rubuta cewa yana ƙasa da abin da na'urar ke iya ganowa, kada a rubuta sifiri.

Wajen kwatantawa, dokar Tarayyar Turai ta 1986 mai lamba 86/278 ta sa iyakar kadmiyam a laka tsakanin miligiram 20 da 40 a kilo, dalma 750 zuwa 1200, tagulla 1000 zuwa 1750, nikel 300 zuwa 400, tutiya 2500 zuwa 4000, zaiba 16 zuwa 25. Dokar Amurka ta 1993, sashe na 503, ta ɗauki laka a matsayin mai inganci idan kadmiyam bai wuce 39 ba, dalma 300, tagulla 1500, tutiya 2800. A nan gida hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ce mai kula da ƙa'idojin muhalli, kuma ya dace a tura ɗalibai su karanto dokokinta da kansu. Sai dai kada a bar su su tsaya a "ya wuce" ko "bai wuce ba". Iyakokin Turai na ƙasar gona an gina su ne a kan ƙasa mai ma'aunin tsami 6 zuwa 7. A jigawa mai yashi da ƙarancin ruɓaɓɓen abu, musamman idan ta yi tsami, kadmiyam da tutiya sun fi saurin shiga shuka fiye da a baƙar lakar fadama. Ganye irin latas da alayyahu kuma sun fi gero da dawa tara kadmiyam.

Aikin ƙarshe shi ne a mayar da lambobin zuwa harshen gona. A ce manomi zai zuba tan 5 na busasshiyar laka a hekta, naitirojin ɗinta kashi 2.8, kadmiyam miligiram 3 a kilo. Ya zuba kilo 140 na naitirojin ke nan, kwatankwacin abin da ke cikin buhu shida na yuriya mai kashi 46, ko da yake wani ɓangare ne kawai shuka za ta samu a shekarar farko, sauran sai ya ruɓe a hankali. Ya kuma zuba giram 15 na kadmiyam, kashi ɗaya cikin goma na giram 150 da dokar Turai ta yarda a shekara. A tambaye su abin da zai faru idan lakar ta kwatar gareji ce, ko idan aka shekara ashirin ana zubawa.

Rahoton kuma dole ya faɗi a sarari cewa tsira daga ƙarafa ba tsira daga cuta ba ce. Ƙwayayen tsutsar ciki suna iya rayuwa wata da watanni a cikin laka, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ita ce kada su kai ƙwai ɗaya a giram na busasshiyar laka kafin a kai ta gona, abin da ke buƙatar gwaji na daban da dogon ajiya ko rufe ta ta yi zafi ta zama takin gargajiya. Ragowar asid da ruwan ma'auni masu ɗauke da dalma da kadmiyam a tara su a jarka mai lakabi, kada a tuttule su a kwatar makaranta su koma inda aka ɗebo. Sannan kowane rukuni ya rubuta shafi ɗaya da Hausa, ba tare da lambar da manomi ba zai gane ba, ya koma wurin mai gona ko mai gidan da ya ba da izini ya karanta masa: wace laka ce za a iya zubawa, amalanke nawa a kadada, ga wace shuka, wacce kuma za a nisanta da gonar ganye.